Wanda Na Zaunar a Bayan Labule

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta sunayen mutanen da muka yi aiki tare shekara da shekaru, jikokina ma sai na kira uku kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma akwai wani yini guda a Tamale da ya ƙi rabuwa da ni, kuma na san ba zan manta da shi ba sai ranar da aka ɗauke ni. Shi ne yinin da na zaunar da mahaifina a bayan labule don mutane su yi dariya.

Lokacin ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba. Kowa ji yake ƙasar nan gobe za ta tashi sama, ni kuwa ina ganin da ni za ta tashi. Ina aiki a gidan rediyon Tamale, ina karanta labarai da sanarwa da Hausa, muryata na fita ta akwatunan nan da ake kafa wa mutane a bango. Ina da sabon keke, da wando mai kari, da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Idan na ratsa kasuwa mata masu tumatir na nuna ni, ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Girman kai dai na same shi daidai gwargwado, har da ƙari.

Mahaifina ɗinkin hula yake yi a zaurensa a zango, unguwarmu ta Hausawa, da shi ya ciyar da mu. Amma ba da wannan aka san shi ba. Shi ne mai wankan gawa. Duk namijin da ya rasu a zangon Tamale, babba ko yaro, mai kuɗi ko baƙon da ya faɗi a tasha, Baba ake aika wa. Ya ajiye allura, ya ɗauki butarsa da ƙyallensa, ya tafi. Ni kuwa tun ina makaranta abin yake ba ni kunya. Idan aka tambaye ni aikin ubana sai in ce malami ne, in yi maza in kawo wata magana. Da na fara ɗaukar albashi na kama ɗaki can wajen Bulpiela, na ce don kusa da aiki ne, alhali ba kusan ba ne.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk zango ya sani. Idan ya yi wankan gawa a wani gida, ba ya sake bi ta ƙofar gidan sai an yi sadakar arba'in. Ko hanyar ita ce mafi kusa, sai ya zagaya. In ya hango mai gidan a masallaci, ya koma sahun baya, ya fice kafin a fara gaisawa. Ba wani littafi ne ya ce ya yi haka ba, shi ya ɗora wa kansa. Na taɓa tambayarsa ina yaro, ya ce mini, “Fuskata ita ce ta ƙarshe da suka gani a kan mamacinsu. Ba na so su yi karo da ita a hanya ba shiri. A bar zuciya ta ɗan kwanta tukuna.” Na ji wannan magana da kunnena, na kuma san ta sarai. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Ana cikin haka aka fara maganar za a buɗe gidan talabijin a babban birni, wanda mu mutanen zango muke kira Ankara. Yawancinmu ba mu taɓa ganin akwatin ba, labari kawai muke ji, wai rediyo ne mai ido. Sai ga wani mai shirya shirye-shirye ya zo daga can da motar kaya da mai ɗaukar hoto. Mutumin kudu ne, gajere, mai yawan gumi, ya yi soja tare da 'yan Arewa don haka yana jin Hausa irin ta bariki. Ya ce yana so ya ɗauki wani wasa na gwaji ya kai wa manyansa. In sun karɓa, za a riƙa yin sa kowane mako, in ba su karɓa ba shi ke nan. Wasan kuwa mai sauƙi ne. A zaunar da sanannun mutane uku a teburi, a kawo musu wani, su yi ta yi masa tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a, har su gano sana'arsa. Ni aka zaɓa in gabatar. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Masta, in wannan abu ya shiga, kai ma ka shiga. Ankara za ka zauna, duk ƙasa ya ga fuskarka.” Tun daga wannan rana ban sake tunanin komai ba sai Ankara.

Sanannun da aka samo su uku ne. Akwai ɗan ƙwallon nan namu da ya buga wa ƙasa, wanda yara ke bin kekensa a guje. Akwai wata mawaƙiya 'yar wajen Jisonayili, lokacin ƙauye ne sosai, wadda faifanta ke kan kowane garmaho a gari, ga ta da baki, ba wanda take bari. Na ukun shi ne Alhaji mai lorori. Shi ba mawaƙi ba ne, ba ɗan wasa ba, amma daga Tamale zuwa Kumashi ba wanda bai san sunansa a goshin mota ba, kuma makaɗa ba sa rufe taro ba su ambace shi ba. Babban ɗansa, wanda ke sakandare, ya rasu ba da daɗewa ba, zazzaɓin kwana uku. Ina Kumashi wajen wani kwas lokacin, da na dawo na je na yi ta'aziyya kamar kowa. Ya riga ya yi alkawarin zuwa wasan tun kafin rasuwar, shi kuma mutum ne da ba ya tayar da magana. Abokansa ma suka ce ya fita ya ga mutane, zaman ɗaki ya isa haka.

Ranar farko wasan bai yi ba, kuma laifin Tamale ne. Wanda ya ƙirƙiro wannan wasa a babban birni ya zauna, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Mu kuwa, aka shigo da mutum na farko, tun bai zauna ba Alhaji ya ce, “A'a, Sarkin Fawa, kai ne? Yaya jikin tsohuwa?” Aka tsayar da na'urar ɗaukar hoto. Aka kawo na biyu, telan da ke ɗinka wa mawaƙiyar kaya. Ita kuma don kada ta ɓata wa baƙi shiri sai ta murtuke fuska ta yi masa tambaya takwas kamar ba ta taɓa ganinsa ba, a ta tara ta kasa daurewa ta ce, “To yaushe zan zo in karɓi rigata?” Zauren ya ɓarke da dariya. Mutumin Ankara ya zauna a kan akwatin kaya ya riƙe kai.

Ni na kawo dabarar da ta gyara, kuma na yi ta alfahari da ita. Na ce a rataya labule mai kauri, mai sana'ar ya zauna a baya, ba mai ganinsa, ko 'yan kallo. Kada ya yi magana, tunda muryar ma an san ta. A kifa masa ƙwarya a gaba, bugu ɗaya e, bugu biyu a'a. Mutumin ya tashi ya rungume ni. Sannan ya ce yana so a rufe wasan da sana'ar da ba wanda zai kawo a ransa. Za a rubuta ta a ƙasan hoton, masu kallo a gida su sani, na teburi ba su sani ba, nan daɗin yake. Ban ko yi jinkiri ba na ce na san wani mai wankan gawa. Idonsa ya yi haske. Ya ce wane ne? Na ce wani dattijo ne a zango.

Wani dattijo. Haka na ce.

Da yamma na je gida. Baba na zaure yana ɗinki. Sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce mini. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mutanen gwamnati ne suka zo, suna so su nuna wa ƙasa masu yi wa jama'a aiki, kuma sun zaɓe shi.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “Ni kuma? Me zan ce musu?”

“Ba za ka ce komai ba, Baba. Ƙwarya kawai za ka buga.”

“Su wa za su yi tambayar?”

Na ce baƙi ne daga Ankara. Na yi wannan ƙarya ne don na san in ya ji 'yan gari ne zai ji nauyi ya ƙi zuwa. Ya ajiye ɗinkin, ya ce, “Kai kake so in je?” Na ce e. Ya ce, “To, Allah ya kai mu.” Ina ganin a ransa ya ɗauka yau ɗansa ya daina jin kunyarsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Wa zai wanke ɗan Alhaji in ba Baba ba? Duk yaron da ke wasa a ƙofar masallaci zai iya amsa wannan. Kwana nawa da rasuwar? Ban ƙirga ba. Daga baya na ji cewa tun ranar Baba bai sake bi ta tashar mota ba, ta bayan kasuwa yake zagayawa ya sayo zare, don kada ya haɗu da Alhaji. Ni kuwa na ɗauko shi na kawo shi taku uku daga inda Alhajin yake zaune, na sa ƙyalle a tsakaninsu.

Ranar ɗauka, bayan azahar, na shigo da shi ta ƙofar baya tun kafin a buɗe wa jama'a. Ya sa batakarin, rigar saƙin nan mai faɗi, da na saya masa da albashina na farko, wanda bai taɓa sawa ba, yana cewa ya fi ƙarfin zaure. Har turare ya shafa. Na zaunar da shi a kujera, na ba shi ɗan sanda, na ce ya jira sai na ƙarshe. Akwai abin magana a rataye kusa da ƙwaryar don bugun ya fita a lasifika. Ya duba shi ya ce, “Wannan fa?” Na ce ba komai, na ƙwarya ne.

Zauren taro ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Fitilun da suka kunna zafi gare su kamar gaban murhu, injin wuta na ruri a waje. Mutum biyun farko, mai haƙar rijiya da mai gyaran agogo, an gano su, an ɗan tafa, amma ba wani armashi. Ina ganin mutumin Ankara yana duba agogonsa. Sai na gyara murya na ce, “Jama'a, ga na ƙarshe. Wanda ya gano wannan, na sara masa.”

Ɗan ƙwallo ya fara. “Aikinka da hannu ake yi?” Ƙwas, bugu ɗaya. “Akwai ruwa a ciki?” Ɗaya. Mawaƙiyar ta ce, “Mai wanki ne. Kai, ka iya guga?” Biyu. Aka yi dariya. Ta ce, “Mata na zuwa wurinka?” Biyu. Ta tafa hannu ta ce, “To wallahi ka yi asara.” Zauren ya ɗauka. Ni ma na yi dariya, na juya wajen na'ura don a ga haƙorana.

Sai Alhaji ya matso da kujerarsa. Tun da aka fara bai yi tambaya ko ɗaya ba, amma dariyar ta ɗan sake shi, har na ga fuskarsa ta dawo irin ta da. Ya ce, “Bari in gwada. Bawan Allah, ka taɓa yin aikin nan a gidana?”

Daga inda nake tsaye, a bakin labulen, ni kaɗai nake ganin ɓangarorin biyu. Na ga Baba ya ɗago kai da sauri. Ya gane muryar. Ya dube ni, ba da fushi ba, da tambaya. Sandan na hannunsa a sama. Baba bai taɓa ƙarya ba ko a wasa, don haka ba zai buga biyu ba. Ya daɗe, sannan ya sauke sandan a hankali, bugu ɗaya, da ƙyar aka ji.

Alhaji ya yi murmushi. “Ah to, mun fara kusa. A bana ne?”

A nan ne hankalina ya dawo jikina. Ya kamata in ɗaga hannu in ce lokaci ya cika. Kalma uku ce. Amma mutumin Ankara na can bayan na'ura yana juya yatsa, wato a ci gaba, ni kuma na bi yatsan.

Ƙwarya ba ta amsa ba. Ɗan ƙwallo ya ce, “Ya yi barci ne?” Aka sake dariya. Mawaƙiyar ta ce, “Alhaji, ko kai ne ka hana shi magana? Kai na bayan labule, faɗa mana, wa ka yi wa aikin a gidan, shi ko yaransa?” Ba ta san me take faɗa ba, Allah ya sani, kuma na ji ta yi kuka a kan wannan daga baya.

Na leƙa bayan labule na ce ƙasa-ƙasa, “Baba, buga mana. Ana jira.”

Ya ajiye sandan a kan cinyarsa. Ya ce, a hankali, ni kaɗai yake nufi, “Babana, ka sallame ni. Arba'in ba ta cika ba.”

Abin maganar da na ce masa na ƙwarya ne ya ɗauki muryarsa ya watsa ta ko'ina a zauren.

Ban taɓa jin taro ya mutu haka ba. Dariyar ta yanke daga gaba, ta bi sahu-sahu har baya, sai rurin inji kawai ya rage. Ba wanda bai san wannan murya ba, kuma ba wanda bai san wace arba'in ake nufi ba. Mawaƙiyar ta ja gyalenta ta rufe fuska. Alhaji ya zauna kamar an dasa shi. Shi ne ya zuba wa Baba ruwa ranar da aka wanke yaron, su biyu kaɗai a ɗaki, kuma wannan muryar ce ta riƙa ce masa zuba, tsaya, zuba.

Ya miƙe. Ya zagayo teburi, ya zo gaban labulen. Na ɗauka zai yaye shi, amma bai taɓa ba. Ya durƙusa a ƙasa, da babbar rigarsa da komai, mutumin da direbobi ke cire hula in ya wuce. Ya ce, “Malam, kai ne?”

“Ni ne, Alhaji. Ka yafe mini. Ban san kana nan ba.”

“Na lura ba na ganinka a hanya,” in ji Alhaji. “Na san dalili. Na gode.” Daga nan muryarsa ta karye. Ya kifa goshinsa a jikin labulen ya yi kuka, kuka mai sauti, irin wanda bai yi ba ranar jana'iza, don an ce ranar ko hawaye ba a gani ba. Baba ya miƙo hannu daga ciki ya dafa kansa ta bayan ƙyallen. Mutane suka fara sulalewa, kowa kansa a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye da biro biyu a aljihu, kuma na'urar na nan tana ta juyi, mai ɗaukar hoton ma ya matso da ita kusa.

Kafin in farga Baba ya fita ta ƙofar baya. Ya bar ƙwaryar da sandan a kan kujera. Mutumin Ankara ya kama hannuna, idonsa ja. Ya ce, “Masta, ni ma na yi kuka. Wannan abu, duk wanda ya gani ba zai manta ba. Sun karɓa, na gaya maka, sun karɓa.” Kuma zan faɗi gaskiya, tunda na tsufa da ɓoye-ɓoye: da na ji haka, wani ɓangare na zuciyata ya yi murna.

Washegari da safe na je gida. Na shirya wa faɗa, har na tsara amsoshi. Na tarar da shi a zaure yana ɗinki, batakarin a ninke a gefe. Ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya tura mini kwanon koko. Bai ce don me ka yi mini ƙarya ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Sai da na sha rabi sannan ya ce, “Wannan akwatin nasu, ya ɗauki Alhaji?”

“Ya ɗauka, Baba.”

“Wa zai gani?”

“Duk ƙasa, in sun karɓa.”

Ya ci gaba da ɗinki, ya yi kamar sau biyar yana soka allura. Ya ce, “Shekara talatin ina ganin mutane a halin da ba sa so a gan su. Ban taɓa fita da ko ɗaya waje ba. Ko uwarka ban taɓa gaya wa ba. Jiya a hannuna mutumin nan ya buɗe, ni kuma ba ni da mayafin da zan rufa masa.” Ya ɗago ya dube ni. “Kai ka san hanyar abin nan, Babana. Ni ban sani ba.”

Na hau keke na nufi masaukin baƙi na gwamnati. Suna ɗaure kaya za su kama hanya. Na ja mutumin gefe na ce ina da magana. Na ce dattijon jiya mahaifina ne. Ya kalle ni, ya ce, “Uban ka? Ka ce mini wani dattijo.” Kallon da ya yi mini bai fi na Baba sauƙi ba. Na gaya masa abin da Baba ya ce. Ya share gumi, ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwani uku masu faɗi, an naɗe bakin kowane da baƙin tef. Ya ce hoto da murya duk suna ciki, kuma ba a kai su ɗakin wankin hoto ba tukuna, in haske ya taɓa su sun mutu. Ya nuna biyu ya ce waɗannan mai rijiya ne da mai agogo, ba wanda zai karɓi wasa saboda su. Ya ɗora na ukun a kan teburin baranda. Ya ce, “Wannan shi ne Ankara naka. Mu ma a garinmu muna da mutuwa, Masta, na gane maganar tsoho. Amma ni ba zan buɗe da hannuna ba. Zan je in duba taya.”

Ya tafi ya bar ni da shi. Ina so in ce nan take na buɗe, amma ba haka aka yi ba. Na tsaya na daɗe. Na tuna gidan da na riga na gina a zuciyata a bakin teku, da kwat ɗin da zan sa, da yadda mata masu tumatir za su ce ai mun san shi. Na ce a raina ai Alhaji bai roƙa ba, wataƙila ma ba zai damu ba. Sai na tuna hannun Baba yana dafa kan mutumin ta bayan ƙyalle, bai ko yarda ya yaye ba. Na ɗauki gwangwanin na fita cikin rana. Tef ɗin ya yi mini gardama, sai da na sa haƙori. Na ɗaga murfin. Ba komai a ciki sai wani abu a naɗe mai ruwan toka, ba fuska, ba hawaye, ba abin da ido zai gani. Na warware shi na baza a kan ciyawa don rana ta shiga ko'ina.

Bayan wata biyu takarda ta zo, layi uku. An gode, an duba, ba a karɓa ba. Aka buɗe gidan talabijin ba da ni ba, wasu fuskoki suka fito, ni na ci gaba da karanta sanarwar ɓatan akuya a Tamale har na yi ritaya. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Na yi wata da watanni ina jin haushin kowa, har da Baba, wanda bai yi mini komai ba. Wasan nan ba wanda ya taɓa ganinsa sai waɗanda ke zauren ranar, su kuma ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da zancen a gabana ba.

Wata rana, kusan shekara bayan haka, ina zaurensa aka zo kiransa. Wani baƙo ne ya rasu a tasha, ba shi da kowa. Baba ya ɗauki ƙyallensa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, “Babana, zo ka riƙe mini buta.” Na cire biron na ajiye a kan tabarma na bi shi. Daga ranar nake zuba masa ruwa duk lokacin da ba na wurin aiki, har hannuna ya iya. Na saki ɗakin Bulpiela na dawo zango.

Da Baba ya rasu, ni na wanke shi. Ina shirin farawa aka yi sallama, sai ga Alhaji, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya naɗe hannun riga ya ce shi zai zuba. Muka shiga mu biyu. Na ji bakina yana cewa zuba, tsaya, zuba, da irin muryar da na gada ban sani ba.

Bayan an kai shi, sai na daina ganin Alhaji. Motarsa da ke bi ta ƙofar gidanmu kullum ta canza hanya. A masallaci na hango shi a sahun baya, kafin in juyo ya fice. Da farko na ɗauka wani laifi na yi masa. Sai a kwana na goma na gane, na zauna a zauren Baba na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da aka yi sadakar arba'in, washegari da hantsi, ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, “Yaya haƙuri?”

Na yi shekaru da yawa bayan nan da abin magana a gabana, na yi hira da manya da ƙanana. Ban sake zaunar da kowa a gaban jama'a ba sai na gaya masa gaskiyar wanda zai tarar, sai na kuma tambayi kaina wane gida ya fito, me aka yi a gidan kwanan nan. Abin da wannan yini ya koya mini shi ne, duk abin da ka gani a jikin mutum lokacin da ba shi da ƙarfin rufe kansa amana ce a hannunka, ko da duk ƙasa za ta tafa maka in ka nuna. Na je makaranta, na je kwas a Kumashi, amma a wurin mai ɗinkin hular da na kira wani dattijo na koyi wannan. Yau in aka tambaye ni aikin ubana, nakan ce mai wankan gawa ne, kuma ba na kawo wata magana a bayanta.